Kuɗin Tafiya: Inda Sefarmu Ke Zurarewa Tsakanin Jonquet da Jidda

Jawabin da aka gabatar a Placodji, ranar bikin zagayowar kafa ƙungiya



Ranka ya daɗe shugaba, malamanmu, iyayenmu maza da mata, Alhazai da Hajiyoyi, da baƙinmu da suka taso daga Parakou, Malanville, Gaya, Lome da Legas, barkanmu da ganin wannan rana. Allah ya jiƙan waɗanda suka kafa wannan ƙungiya suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara wa na raye lafiya da buɗi.

Kwamitin shirya taro ya ce in yi magana a kan canjin kuɗi. Canjin da muke yi kullum don saro kaya kam, kowa a ɗakin nan malami ne a kansa. Abin da aka ce in taɓo shi ne kuɗin da muke kashewa in mun fita don kanmu: Umara, ziyarar yaran da ke karatu a waje, ko kai iyali Dubai ko Istanbul su sha iska a hutun makaranta. Dalilin zaɓen wannan magana a fili yake. Mutumin da zai yi rabin awa a Dantokpa yana ja-in-ja a kan sefa 25 a yadin atamfa, shi ne zai shiga ofishin masu shirya tafiya, a ce masa miliyan 2, ya ƙirga ya miƙa, bai ko tambayi a nawa aka lissafa masa riyal ba. In ka yi magana ya ce ai tafiyar ibada ce, ba a ciniki. To Alhaji, mai otal a Makka ɗan kasuwa ne kamarka, haka mai jirgi, haka ɗan canji. Abin da ka bari ya zurare a hannunsu, shi ne da ka yi sadaka da shi a Harami, ko ka ƙara wa Hajiya na tsaraba.

Kafin in yi nisa, a yau in na ce dala, ta Amurka nake nufi. Na san iyayenmu na Gaya da Dosso in sun ji dala, sefa 5 suke ji. A yi mini uzuri.

Mu fara da kuɗin da ke aljihunmu. Sefa a ɗaure take da yuro. Tun ranar 1 ga Janairun 1999, yuro ɗaya sefa 655.957 ne, kuma bai motsa ba har yau. Kafin nan da kuɗin Faransa aka ɗaure ta, kuma manyanmu ba su manta Janairun 1994 ba, lokacin da shugabanni suka taru a Dakar aka karya darajarta da rabi dare ɗaya: faran ɗin Faransa da ake saye sefa 50 ya koma 100. Wannan tabon ne ya sa duk lokacin da aka yi raɗe-raɗin za a sake karya sefa, ko za a kawo Eko gobe, sai mutane su ruga sayen dala ko nawa aka ce musu. A Disamban 2019 an sanar a Abidjan cewa za a yi wa sefa gyare-gyare, amma ɗaurin da yuro yana nan yadda yake. Nijar, Mali da Burkina Faso sun fita daga ECOWAS a Janairun 2025, kuma har yanzu sefar BCEAO suke kashewa, irin wadda ke hannunmu.

Amfanin sanin wannan shi ne, in tafiyarka Faransa ce, ko Italiya, ko Jamus, babu wata ranar sa'a da za ka zauna jira. Farashi ɗaya ne jiya da yau. Abin da ya rage kawai shi ne la'adar da mai sayar maka da yuro zai ɗora. Ka riƙe 656 a kanka, duk abin da ya hau bisa wannan, ladansa ne. Misali, in ya ce maka 670, ya ci sefa 14 a kowane yuro. Kamar ba komai ba, amma a yuro 3,000 jika 42 ke nan. In na kusa da shi ya ce 663, tafiyar taku goma ta rage maka jika 21. Ba na cewa kada ɗan canji ya ci riba, ai sana'arsa ce, kuma da yawansu 'ya'yanmu ne da ƙannenmu. Ina cewa ka san nawa yake ci, don ku daidaita kamar yadda kake daidaitawa da mai saro maka shinkafa.

Inda lissafi ya fi daɗi shi ne Saudiyya da Dubai, kuma nan ne galibinmu ke zuwa, saboda haka zan ɗan daɗe a nan. Kamar yadda sefa ke ɗaure da yuro, haka riyal ke ɗaure da dala: dala ɗaya riyal 3.75 tun 1986. Dirhamin Dubai kuma 3.6725 a kan dala ɗaya tun 1997. Ke nan tsakanin sefarmu da riyal abu ɗaya ne kawai ke motsi, wato farashin yuro a kan dala. In yuro ya yi ƙarfi, Umara ta yi mana sauƙi ko da mai otal bai rage ko riyal ɗaya ba. In yuro ya yi rauni, ta yi tsada.

Ga yadda abin ya kasance a idonmu. A ƙarshen Satumban 2022 yuro ya faɗi ƙasa da dala, ya kai wajen 0.96, dala ɗaya ta haura sefa 680. A Janairun 2025 yuro na wajen dala 1.03, wato dala na kusan sefa 637, riyal ɗaya kusan sefa 170. Zuwa Yulin shekarar yuro ya hau wajen 1.17, dala ta sauko kusan sefa 560, riyal ya koma ƙasa da sefa 150 kaɗan. Ɗauki tafiyar da za ta ci riyal 10,000. A Janairu kusan miliyan 1 da jika 700 ce, a Yuli kuma kusan miliyan 1 da rabi. Bambancin jika 200 a kan mutum ɗaya, otal ɗaya, ɗaki ɗaya. Mai iyalin mutum biyar ya yi wa kansa lissafi.

Lissafin kansa yaron shago zai yi maka shi a waya cikin minti ɗaya. Ya duba yuro nawa ne a dala yau, ya raba 656 da wannan adadi, ya samu farashin dala a sefa. Ya sake rabawa da 3.75, ya samu riyal. Wannan shi ne farashin tsakiya, ba wanda zai sayar maka a kansa daidai, amma shi ne mudun da za ka auna kowa da shi.

Babu mai sanin inda yuro zai nufa wata mai zuwa. Duk wanda ya ce maka ya sani, ka tambaye shi me ya sa har yanzu yake zaune a benci. Shawarata ita ce, wanda ya yi niyyar Umarar azumi kada ya bari sai Sha'aban ya sayi kuɗin tafiyarsa gaba ɗaya, lokacin da kowa ke nema. Ya rarraba sayen kashi uku ko huɗu cikin watanni. Ba zai dace da mafi araha ba, amma ba zai faɗa mafi tsada da dukan kuɗinsa ba. Iyayenmu mata masu adashe sun riga mu gane wannan, sai dai su sefa suke tarawa. Da duk kwasa za a mayar da wani kashi kuɗin tafiya, da ya fi.

Sai tambayar da aka fi yi mini: in zan tafi Makka, yuro zan riƙe ko dala? Kowace hanya yanka biyu ce. In ka sayi yuro a nan, yankan farko ƙarami ne saboda ɗaurin da na faɗa, sai yanka na biyu a can wajen mayar da shi riyal. In ka sayi dala a nan, yankan farko ya fi girma, amma na biyu kusan babu, domin 'yan canjin Makka da Madina da na Deira a Dubai suna karɓar dala dab da farashin hukuma. Wanne ya fi? Ya danganta da abin da aka ce maka a Jonquet ranar. Ka tambayi farashin duka biyun, ka sa wani ɗan'uwa da ke can ya duba maka allon ɗan canji, ka lissafa riyal nawa jika 100 za ta zama ta kowace hanya. Ni dai a ganina, mai zuwa Saudiyya ko Dubai ko Sin ya fi samun kwanciyar hankali da dala, mai zuwa Turkiyya ko Maroko kuma yuro ya ishe shi, ba shi da dalilin biyan la'adar dala. A Turkiyya ma kada ka canza da yawa a ranar farko, domin lira ta shekara da shekaru tana sauka. Ka canza na kwana biyu ko uku, in ya ƙare ka ƙara.

Abin da ba na so kowa ya yi shi ne ya ɗauki takardun sefa ya hau jirgi da su yana cewa zai canza a can. Tun Agustan 1993 babban bankinmu ya daina sayen takardun sefa da aka fitar wajen yankin. Saboda haka ɗan canjin waje ba shi da inda zai kai su cikin sauƙi, in ma ya karɓa, farashin wulaƙanci zai ba ka. Ko Duwala ko Njamena ka je, sefarsu darajarta ɗaya da tamu a takarda, amma ta wani babban banki ce daban, sai ka canza kuma sai an cire maka. Inda sefarmu ke tafiya da ƙafarta ƙasashe takwas ne: Benin, Togo, Nijar, Burkina Faso, Mali, Senegal, Kodebuwa da Gini Bisau. Wanda ya kai yara hutu Dakar ko Abidjan, ba ruwansa da duk wannan jawabi nawa.

'Yan'uwanmu masu hada-hada ta Seme da Igolo, waɗanda kuɗinsu ke kwana a naira, naku ya fi wuya, kun kuma fi ni sani. A 2015 naira 1,000 na ba da kusan jika 3 a farashin hukuma. A 2024 ba ta fi sefa 400 da 'yan kai ba. A Yunin 2023 babban bankin Najeriya ya saki naira, daga wajen 460 a dala ta wuce 700 cikin 'yan kwanaki. A Fabrairun 2024 ta haura 1,800 a kasuwar bayan fage, mutane suka firgita suka yi ta saye. Zuwa Afrilu ta dawo kusa da 1,100, sannan ta sake sauka. Wanda ya sayi dalar Umararsa a wancan mako na firgici ya san abin da ya gani. Abu ɗaya nake roƙonku: kada kuɗi ya bi ta ƙofa uku in ƙofa biyu za ta fitar da shi. Naira zuwa sefa a Kraké, sefa zuwa dala a Kwatano, dala zuwa riyal a Jidda, mutum uku ke nan suka ci a kanka. In kuɗin yana Legas ko Kano, a tambayi farashin dala kai tsaye a can, a Wapa ko inda aka saba, a gwada da na nan kafin a taɓa shi.

Yanzu masu shirya tafiya. Akwai na kirki a cikinsu, kuma suna sauƙaƙa wa tsofaffi wahalar biza da masauki. Amma in an ba ka farashi dunƙule a sefa, akwai farashin canji da ke kwance a ciki wanda ba a faɗa maka ba. Ka ce a rarraba maka: tikiti nawa, biza nawa, otal riyal nawa a dare, kuma a sefa nawa aka lissafa riyal. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. In ka biya rabi yau, ka sa a rubuta cewa ragowar a kan farashin yau take, ko kuma a rubuta cewa za ta bi kasuwa hawa da sauka. Abin da aka saba gani shi ne, in dala ta hau a kira ka a ce ka ciko, in ta sauka kuma ba ka jin wayar kowa.

Katin banki. Matasanmu sun rungume shi, kuma da gaskiyarsu, ya fi ɗaure kuɗi a ƙugu cikin cunkoson ɗawafi. Amma yana da tarko guda da nake so kowa ya fita daga nan da saninsa. In ka miƙa kati a otal ko kanti, ko ka sa shi a na'urar cire kuɗi, wani lokaci na'urar za ta tambaye ka: a cire da kuɗin ƙasar da kake, ko da wani kuɗin da ka fi sabawa da shi, kamar yuro ko dala? Sai zuciya ta ce gara wanda na sani. To a nan ake yanka. In ka yarda, kamfanin na'urar ne zai yi canjin a farashin da ya ga dama, kuma bankinka a nan ba zai fasa cire nasa ba. Kullum ka zaɓi kuɗin ƙasar: riyal a Saudiyya, dirhami a Dubai, lira a Turkiyya. In mai kanti ya danna maka ba tare da tambaya ba, ka duba rasit, kana da ikon cewa a soke a sake.

Kafin tafiya ka taka ka je bankinka, ka yi musu tambaya uku: kashi nawa bisa ɗari suke cirewa in an biya da kuɗin waje, nawa suke cirewa a kowace cirar kuɗi a na'ura, kuma iyakar abin da katin zai fitar a rana da a mako nawa ne. Ka sanar da su ƙasar da za ka je da ranakun, don kada su ga ciniki daga Madina su rufe katin suna zaton sata ce. Tunda galibi akwai ƙayyadadden kuɗi a kan kowace cira, cira ɗaya babba ta fi ƙanana biyar araha. Kuma ka tabbata katin na Visa ne ko Mastercard. Katin da ke da alamar GIM-UEMOA kaɗai na cikin yankinmu ne. Wani abu kuma, manyan otal kan riƙe wani adadi a katinka a matsayin jingina ranar da ka sauka, kuma yakan ɗauki kwanaki kafin a sake shi. Kada ya zama duk guzurinka a kati ɗaya yake.

Canjin filin jirgi ba sai na ɓata muku lokaci ba. Ko a Cadjèhoun ne ko a Jidda, na kuɗin mota da ruwan sha kawai za ka canza. Kuma in ka ga allo an rubuta babu la'ada, ka dubi tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa, la'adar tana can.

Takardun kansu ma suna da magana. Dala 100 sabuwa, mai shuɗin zare a tsakiya, wadda aka fara fitarwa a Oktoban 2013, ita ce ba a musu a kanta. Tsofaffin, musamman masu ƙaramin kai, a Amurka kuɗi ne halal, amma 'yan canji da yawa sukan rage musu daraja ko su ƙi su. Haka wadda ta yage, ko aka yi wa rubutu, ko ta sha danshin Kwatano. Ƙananan takardu, na 10 da na 20, sau da yawa farashinsu bai kai na 100 ba. Yuro 500 kuma an daina fitar da ita tun 2019. Tana nan da darajarta, amma kantuna da yawa a Turai ba sa karɓa, gara ka riƙe na 50 da na 100. Ka ƙirga a gaban mai canji, takarda bayan takarda, ko da ɗan ɗakinku ne. Malamanmu na zaune, sun fi ni sani, amma abin da muka taso muna ji shi ne canjin kuɗi hannu da hannu ake yin sa a zama ɗaya. Wannan ƙa'ida ta addini ta kare mutane da yawa daga "kawo sefar yau, gobe ka zo ka karɓi dalar".

Wannan ya kawo ni ga ba da kuɗi a nan a karɓa a can. Na san ana yi, na kuma san amana ce ta riƙe fataucin Hausawa tun zamanin ayarin goro zuwa Gwanja. Amma in abu ya lalace, ba ka da takardar da za ka nuna wa kowa, kuma kana ƙasar mutane da mata da yara. Doka ta san banki, ta san 'yan canji masu lasisin ma'aikatar kuɗi. Ka saya a wurinsu, ka karɓi rasit, ka ajiye shi cikin fasfo. Dokar canji ta yankinmu ta 2010 ta ce mai fita waje ya bayyana wa duwan kuɗin wajen da ke hannunsa in ya wuce kwatankwacin miliyan 1, kuma tsabar da zai fita da ita kada ta wuce kwatankwacin miliyan 2, ragowar ta bi ta kati ko ta banki. An sabunta dokar a Disamban 2024, saboda haka ka sa bankinka ya faɗa maka adadin da ke aiki ranar da za ka tashi. A can ma akwai nasu: shiga Tarayyar Turai da yuro 10,000 ko fiye sai an bayyana, Najeriya abin da ya wuce dala 10,000, Dubai abin da ya wuce dirhami 60,000, Sin abin da ya wuce dala 5,000. Cike takardar bayyanawa ba ya cin ko sisi. Ɓoyewa kuwa, in aka kama, ana iya riƙe kuɗin gaba ɗaya, ga tara. Mutum ya sha rana yana neman rangwamen sefa 5 a dala, sannan ya bar duka a teburin jami'in filin jirgi.

In an dawo da ragowa, yuro ko dala, kuma akwai niyyar wata tafiya, a ajiye, kada a mayar sefa a sake saye bayan wata shida, yanka biyu ke nan a banza. Riyal da dirhami ma haka, tunda a ɗaure suke da dala, kuma a Zongo ba a rasa mai shirin tafiya da zai saya a hannunka a farashin da ku biyun za ku ji daɗi. Lira da fam ɗin Masar kuwa a kashe su a can. Wanda ya dawo da fam ɗin Masar a farkon 2024 ya ga yadda a Maris ɗin shekarar dala ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50 a rana ɗaya.

Ranka ya daɗe shugaba, ina da roƙo biyu ga kwamiti. Na farko, a samu matasa biyu masu riƙon amana da za su riƙa sa farashin tsakiya na dala, riyal, dirhami da naira a zaurenmu na WhatsApp kowace safiya, tare da abin da aka ji a Jonquet da Kraké, da murya ba da rubutu kaɗai ba, don iyayenmu da ba sa karatun boko su ji. Na biyu, masu niyyar Umarar azumi su rubuta sunayensu wurin sakatare tun watan Rajab, a je wa banki ko ɗan canji mai lasisi da buƙatar mutum ashirin a dunƙule, haka ma masu shirya tafiya. Farashin da ake ba mai sayen dala 1,000 daban yake da wanda ake ba masu sayen 30,000, kamar yadda kwali ɗaya da kwantena ba su zama ɗaya a wurinku. In kwamiti ya amince, ina iya zama da su bayan sallar La'asar mu tsara yadda za a fara.